Auwalu na Garo da Saratu ta Durun

Ranar Talatar da ta wuce ina zaune a bakin ƙofar ɗakin magani na ji ɗaya daga cikinku tana ce wa 'yar'uwarta wai wannan aikin namu ai ba aiki ba ne. Mutum ya zo, ki duba sunansa a waya, ki miƙa masa robar magani ta wata uku, ya kama hanya. Amma tunda saura wata biyu in ajiye aiki, kuma ku za ku gaji bencin nan da mutanen da ke zama a kansa, ku ba ni aron kunnuwanku in ba ku labarin mutum biyu. Sunayen da zan kira ba nasu ba ne, kun san ƙa'idar aikinmu.

Na shiga aikin asibiti a Gwarzo a zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da mara lafiya sai ya je kemis ya sayo auduga da allura kafin a taɓa shi. Safar hannu wanke ta muke yi mu shanya a igiya, gobe mu sake sawa. Wadda ta koya mini aiki ita ce Sista Asabe, doguwar mace mara yawan magana. Wata uku na farko ba ta bar ni na taɓa allura ba. Sikeli kawai ta ba ni, irin na rataya mai ƙugiya da wandon leda da ake saka yaro a ciki. Kullum da safe sai in rataya shi, in duba ko hannunsa yana kan sifili, in ɗora dutsen awo in tabbatar bai yi ƙarya ba. Idan na rubuta nauyin yaro sai ta sake aunawa da kanta. In muka saɓa ba ta faɗa, sai dai ta ce, "Hajara, sake."

A shekarun nan ne ciwo mai karya garkuwar jiki ya fara shigo mana sosai. Mutane ba sa kiran sunansa, sai su ce "ciwon nan". Mu kuma ba mu da abin bayarwa sai ruwan gishiri da sukari da maganin kariya daga tari da gudawa. Da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, gari ya ɗauki harama, masallatai suka cika, kuma duk wanda aka ga ya fara ramewa, tambayar farko da ke fitowa daga bakin jama'a ita ce, "Ta ina ya samo ta?" Kun san da wace murya ake yin wannan tambayar. Wata rana na ga Sista Asabe ita ma tana yi wa wata mata irin wannan tambaya, sai na ce mata, "Sista, mu ma?" Ta ce, "Mu ma. Amma su suna neman wanda za su ɗora wa laifi ne. Ni so nake in san shekara nawa ƙwayar cutar ta yi a jikin, kuma ta sami jikin a gine ne ko tare suka tashi." Na gyaɗa kai kamar na gane. Sai da na yi fiye da shekara goma kafin na gane.

Auwalu a goye ya zo mana, yana da shekara shida. Kakarsa ce ta kawo shi daga Garo, Kaka Dije, mutanen da asalinsu makiyaya ne amma sun zauna suna noma da 'yan shanunsu. Uwarsa da ubansa duk sun rasu, tsakaninsu bai kai shekara ba. Da na saka shi a sikeli, nauyin ɗan shekara uku na gani. Kunnensa na hagu yana zubar da ruwa, wuyansa duk kaluluwa, ga tari mai jan numfashi. Aka gwada jininsa, aka samu. Likitan da muke da shi a lokacin ya zaunar da tsohuwar, ya yi mata bayani a hankali cewa da cutar aka haifi yaron, kuma irin waɗannan yara ba kasafai suke wuce shekara biyar ba. Kaka Dije ta gyara goyonta ta ce, "To ai ya wuce biyar ɗin, likita. Ku faɗa mini abin da zan yi."

Shekara uku muka riƙe shi da maganin kariya kawai. Har yau in an tambaye ni yadda ya kai, ba ni da amsa sai ikon Allah da tsohuwar nan. Daga baya maganin rage ƙarfin ƙwayar cutar ya iso birni, sannan ya iso mu. Na yara na ruwa ne a lokacin, kwalba uku, kowacce da adadinta, kuma da nauyin yaro ake auna shi. Kaka Dije ba ta karatun boko, don haka sai na riƙa ɗaura jan zare a jikin sirinjin kowace kwalba daidai inda za ta ja maganin ya tsaya. Agogonta kuwa kiran salla ne: bayan asuba, bayan magariba. Kowane wata ta zo, in auna shi, in ya ƙaru in kwance zaren in matsar da shi gaba. Wannan matsar da zaren shi ne aikin gaba ɗaya, duk da ba ya kama da komai a ido.

Wata damina sikelin ya lalace. Sista Asabe ta riga ta yi ritaya, ni ce babba a ɗakin. Na rubuta neman sabo, aka ce a jira. Wata biyar ina ɗaga yara da hannuna ina kintatar nauyinsu. Ashe a watannin nan ne Auwalu ya yi ɗan girman da bai taɓa yi ba, ni kuma da yake na saba ganinsa ƙarami, ban matsar da zaren ba. Ranar da sabon sikeli ya zo na auna shi, sai na ga maganin da yake sha na yaron da bai kai shi ba ne. Na kai wa likita katin. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Magani kaɗan ba ya danne ƙwayar cutar, koya mata yake yi yadda za ta jure shi. Mu yi fata ba ta koya ba." Muka gyara adadin, na rubuta abin da ya faru a fayil da hannuna, aka ci gaba.

Kaka Dije ce masa take yi maganin sikila ne. Sau da yawa ina ce mata, "Kaka, yaron nan yana girma, gara ya ji daga bakinki." Sai ta ce, "Ba yanzu ba, 'yata." Yana da shekara goma sha shida, wata rana yana jiran layi, ya karanta takardar da ke manne a bango, ya duba sunan da ke jikin robar hannunsa, ya ga iri ɗaya ne. Bai ce wa kowa komai ba. Ya ci gaba da zuwa, yana gaishe ni yana karɓar magani, amma daga ranar ya daina kallon fuskata.

Saratu ta zo ne shekara huɗu bayan haka, daga wani ƙauye a Durun. Shekararta ashirin, daidai da Auwalu. Mijinta ɗan ci-rani ne, ya dawo gida da doguwar jinya ya rasu, ita kuma ta gama takaba ke nan ciwo ya kwantar da ita. Yayarta ce ta riƙo ta ta shigo da ita, bakinta ya yi fari fat, gudawa ta tsotse ta, ko zama ba ta iya yi sai an jingina ta. A ranar, in ka jera ta da Auwalu, ita za ka ce ba za ta kai wata ba. Aka ɗora ta a kan ƙwaya ɗaya a rana.

Ku da kuka zo aiki bayan magani ya wadata ba za ku san yadda abin yake a ido ba. Wata na biyu ta shigo da ƙafarta. Wata na huɗu ta zo tana dariya wai rigunanta sun matse ta. Kafin wata shida ta koma yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tana ɗaukar tulun ruwa a ka daga rijiya. Ni da na wanke gawar mata irinta da yawa a shekarun da ba magani, duk ranar da ta shigo sai na bar abin da nake yi na bi ta da kallo.

Ranar Alhamis suke zuwa su biyun, benci ɗaya. Wata rana ta iso ta tarar da shi a zaune, ta ce, "Yaro, ɗan matsa mini." Ya matsa. Ta zauna, ta ce, "Ajinka nawa a makaranta? Wa ka rako?" Ya ce, "Ban rako kowa ba. Shekarata ashirin." Saratu ta rufe baki da mayafi tana ba shi haƙuri. Ba laifinta ba ne. Tsawonsa na ɗan shekara goma sha huɗu ne, ko gashin baki bai fito masa ba.

A watan ne sakamakon awon jininsu ya dawo daga birni a ambulan ɗaya. Na Saratu, ƙwayar cutar ta yi ƙasa har injin bai iya ganinta ba. Na Auwalu kuwa ta yi yawa. Maganin da ya shekara goma sha ɗaya yana sha ya daina yi mata komai. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya ɗaga shi a taga ya nuna mini huhu mai tabo kamar na tsohon da ya daɗe da taba, alhali yaron bai taɓa sa ta a baki ba. Kunnen hagu kuma ya riga ya mutu. Aka canza masa zuwa magani na biyu, manyan ƙwayoyi safe da yamma masu murɗa ciki. Da nake yi masa bayani, sai ya katse ni.

Ya ce, "Inna, waccan matar yaushe ta fara sha?"

Na ce, "Ka san ba na faɗin maganar wani."

Ya ce, "Ai ina da ido. Bara ba ta nan. Ni tun ban san kaina ba nake sha. Ita ga ta ta yi ƙiba, ni kuma an ce nawa ya lalace. Me na yi?"

A nan ne maganar Sista Asabe ta faɗo mini da ma'anarta. Saratu ta riga ta gama girma kafin cutar ta same ta. Ƙashinta ya yi ƙwari, huhunta ya ginu, tsawonta ya cika, kuma ƙwayar da ke jikinta ba ta taɓa haɗuwa da magani ba, shi ya sa da aka ba ta ya kama nan take. Auwalu kuwa da cutar ya yi haƙori, da ita ya koyi tafiya. Duk tarin da ya yi yana ƙarami ya bar masa tabo. Ya sha na ruwa, ya sha rabin ƙwaya, ya sha abin da aka samu a lokacin da ba a gama sanin yadda ake yi wa yara ba. Ga gajiya, don wanda ya fara haɗiyar magani yana da shekara tara, in ya kai ashirin ya ƙoshi da shi. A rajista layi ɗaya suke, shekaru ɗaya, cuta ɗaya. A jiki kuwa ba su haɗa komai ba, kuma wanda ya yi musu magana iri ɗaya zai rasa ɗaya daga cikinsu.

Sai muguwar shekara ta zo. Magani ya yi ƙaranci, maimakon na wata biyu sai muka koma ba da na sati biyu. Kuɗin mota ya tashi, ga damina, kowa yana gona. Mutumin ƙauyukan Kabo, irin su Garo da Durun, ba zai iya barin noma duk sati biyu ya zo Gwarzo ba. Bencin ya fara yin fili. Cikin waɗanda suka ɓace har da su biyun.

Bin mutum gida shi ma aiki ne da ake koya. Ba a zuwa da farin kaya. Hijabina nake sawa, in ɗauki gidan sauro biyu ko uku a jaka, mai gidana ya kai ni a babur ranar Asabar ya tsaya nesa a inuwa. In na yi sallama sai in ce zagayen duba gidan sauro muke yi. A gaisa da tsofaffi, a tambayi gona, a tambayi yara, a sha ruwa, har sai wadda na zo dominta ta ce bari ta raka ni. A hanyar rakiyar ake magana. Haka na yi da Saratu. A gidan mahaifinta take, ba wanda ya sani sai yayarta, kuma wani ya fito neman aurenta. Ta ce mini, "Inna, dube ni fa. Ai na warke. In aka ga ina zarya asibiti za a yi tambaya." Na yi iya ƙoƙarina, ta ƙi. Wannan shi ne haɗarin waɗanda suka sami cutar da girma: jiki yana dawo musu da sauri, sai su ɗauka an gama, ga kuma tsoron bakin mutane.

Bayan wata goma aka kawo ta a kwance, tarin fuka ya kama ta. Muka yi maganinsa, aka mayar da ita kan ƙwayarta ta da, kuma cikin ikon Allah maganin ya sake yi mata aiki. Yanzu tana gidan aure da mutumin da ta faɗa wa gaskiya ya ce ya ji ya gani, 'ya'yanta biyu, an gwada su duk lafiya lau. Jikinta yana da rarar da za ta yi kuskure ta dawo.

Auwalu ba shi da wannan rarar. Likita ya faɗa mini ƙarara cewa in magani na biyu ya lalace, abin da ya rage sai a birni, kuma ba kullum ake samu ba. A shekarar muka rasa wata yarinya 'yar cikin gari, ita ma da cutar aka haife ta, shekararta goma sha tara, wata huɗu kacal ta yi ba ta sha ba.

Da na isa Garo na tarar da Kaka Dije a tsakar gida, ido ya yi mata rauni, da murya ta gane ni. Ta ce, "Ya zuba maganin a masai, 'yata. Na yi magana, ya ce ni ce ta farko da ta yi masa ƙarya." Ta nuna mini hanyar fadama. A can na same shi yana tsaron maruƙa, don numfashinsa ba ya barinsa bin manyan shanu nesa. Ya rame, leɓensa ya bushe. Ya gaishe ni a tsaye, idonsa a kan maruƙan.

Ban yi masa wa'azi ba, ya ji ya ƙoshi. Fayil ɗinsa na ɗauko da izinin likita, mai kauri, bangon duk ya yage. Na zauna a kan kunya na buɗe, na ce ya zo ya karanta da kansa tunda ya iya. Sai ya tsuguna. Muka bi shi shafi shafi, tun daga ranar da aka kawo shi a goye. Da muka iso watanni biyar ɗin da babu awo, na ɗora yatsa a wurin.

Na ce, "Ka tambaye ni me ka yi. Ba ka yi komai ba. Kakarka ba ta taɓa fashin rana ɗaya ba. A nan sikelinmu ya lalace, na kintaci nauyinka da ido, na ba ka maganin da bai kai ba. Ban san ko shi kaɗai ne ya jawo ba, amma yana ciki. Ga rubutuna nan."

Ya karanta sau biyu. Ya ce, "Ke kika rubuta wannan a kan kanki?"

Na ce, "Ni ce."

Ya ce, "Babata fa? Ita ta ina ta samu?"

Na ce, "Ban sani ba, Auwalu. Ban taɓa ganinta ba. Ko ta jini, ko ta mahaifinka, ko wata hanya, Allah ne masani. Abin da na sani, a lokacin da ta haife ka babu gwaji a nan, babu maganin da ke kare jariri. Ba ta san tana ɗauke da komai ba."

Ya rufe fayil ɗin ya miƙo mini da hannu biyu. Bai yi mini alkawari ba, ni ma ban nema ba. Na koma wurin mai gidana muka tafi.

Alhamis ta farko bai zo ba, ta biyu ma haka. A ta uku ina cikin ƙirga ƙwaya a faranti na ji sallamarsa. Bai zauna a benci ba, ya shigo har gaban tebur ya ce, "Zan sha. Amma duk awon da aka yi mini, a nuna mini takardar da idona. Mai kyau ko mara kyau." Na ce na yarda. Muka sake tsara komai da shi, ba da kakarsa ba: me zai ci kafin ya sha don cikin ya daina murɗawa, wa zai karɓo masa in hanya ta yanke, yadda zai raba shan tsakanin sahur da buɗa-baki tunda ya dage sai ya yi azumi kuma likita ya duba ya ce zai iya. Awon farko bai yi kyau ba, na nuna masa. Na biyu ya ɗan sauka. Sai da shekara ta zagayo kafin takardar da muke jira ta zo, wadda ta ce injin bai ga komai ba. Ya riƙe ta yana karantawa, ya naɗe ya sa a aljihun gaba. Har yau tsawonsa bai ƙaru ba, kuma in sanyi ya shigo sai mun yi fama da ƙirjin. Amma ya koyi ɗinki a Kabo, yana da kekensa, shi ya riƙe Kaka Dije har Allah ya karɓi ranta.

Watan jiya sabon likitan nan ya rubuta masa awon hawan jini da na sukari da na ƙoda. Sai ga shi ya shigo ɗakina da takardar, fuskarsa a ɗaure.

Ya ce, "Inna, mun yi da ke ba ɓoye-ɓoye. Me aka gano?"

Na ce, "Ba a gano komai ba. Na gaba ne. Mutumin da zai sha magani har ya kai shekara hamsin ko sittin, dole a fara lura da ƙodarsa da jininsa tun yanzu."

Ya ce, "Sittin?"

Na ce, "In Allah ya so."

Ya dube ni, ya dubi takardar, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa. Da ya nutsu ya ce, "Wato awon tsofaffi za a yi mini. Ni Auwalu. Inna, ni fa ban taɓa shirya wani abu da ya wuce ranar dawowa asibiti ba." Ya juya takardar a hannu. Sannan ya ja kujera ya zauna, ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya ɗora damtsensa a kan tebur.

Ya ce, "To bismilla. Ɗaura abin awon mu gani."